Takardun Talla da Akwatin Wasiƙarka a Jamus

Ƙanena, ka ce ka samu gurbin karatu a Jamus, kuma ka ji cewa akwatin wasiƙa a nan kullum cike yake da takardun talla, shi ne kake tambayar yadda ake rage su. Na ji daɗin tambayar, domin a ƙasar nan da wasiƙa hukuma take magana. Lambar harajinka, da katin inshorar lafiya, da katin banki, da kiran ofishin kula da baƙi, duk ta wannan akwati za su iso, kuma idan suka shige cikin tarin takardun manyan kantuna, tare za su tafi shara. Haka ta faru da ni a shekarata ta farko, na haɗa wasiƙar wani ofishi da tallace-tallace na zubar, ban farga ba sai da ta biyu ta zo da tara.

Ranar da ka tare, ka rubuta sunanka a jikin akwatin, saboda suna mai raba wasiƙu yake bi. Kusa da sunan ka manna 'yar takarda mai cewa "Bitte keine Werbung", wato kada a saka talla. Wannan rubutu yana da ƙarfi a doka, domin tun 1988 babbar kotun tarayya ta yanke cewa wajibi ne a mutunta shi. Sai dai bai hana jaridun kyauta na mako-mako ba, alhali su ne suke zuwa da tallan a cikinsu, don haka ka ƙara "keine kostenlosen Zeitungen", wato kada a saka jaridun kyauta.

Tallan da ya zo da sunanka da adireshinka kuwa, dole ne ma'aikacin gidan waya ya kawo shi, don haka daga tushe ake tare shi. Akwai rajistar masu ƙin karɓar talla da ake kira Robinsonliste, kyauta ake shiga, amma kamfanonin da suke amfani da ita kaɗai take tsayarwa. Abin da na ga ya fi aiki shi ne dokar kare bayanan mutum ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018. Ta ba ka haƙƙin rubuta wa kamfani cewa ba ka yarda a yi amfani da adireshinka don talla ba, har ka tambaye shi inda ya samo shi, kuma tilas ya daina, ya kuma ba ka amsa. Haka nan idan ka je rajistar mazauni, wadda ake yi cikin mako biyu da tarewa, ka nemi kada a ba da adireshinka ga jam'iyyun siyasa da masu buga littafin adireshi. Ka kuma guji cike takardun gasar cin kyauta, domin da yawa adireshi suke farauta.

Amma ina roƙonka, kada ka zubar da ambulan da sunanka yake kai ba ka buɗe ba. Wasiƙar kuɗin rediyo da talabijin tana iya yi maka kama da talla, alhali Yuro 18.36 ne a wata a kan kowane gida. Ambulan mai ruwan ɗorawa kuma daga kotu ko hukuma yake, an rubuta ranar da aka kawo shi a jikinsa, kuma daga wannan rana wa'adin amsawa yake fara tafiya, don haka ka adana ambulan ɗin tare da wasiƙar.