Amsa ga Yaya kan tsayin tagwayenta

Assalamu alaikum 'yan gida. Yaya, na saurari muryarki. Kin ce tagwayenki sun cika shekara 12, macen ta kere wa namijin tsawo har ana tsokanarsa a islamiyya, kuma wani mai kemis a Daura ya ce akwai allurar ƙara tsawo. Don Allah ki ajiye zancen allurar nan tukuna.

Sinadarin girma, wanda shi ne a cikin allurar, daga wata 'yar tsoka yake fitowa a ƙasan ƙwaƙwalwa, ba ta fi ƙwayar wake ba. Yakan fito ne kashi-kashi, mafi yawa da dare in barci ya yi nauyi. Shi ya sa yaron da ke kwana danna waya yake cutar kansa. Mace da namiji duk suna da shi, lokacin da yake ƙaruwa ne ya bambanta. Mace takan fara balaga tsakanin shekara 8 zuwa 13, ta yi tashin tsawonta wajen 11 ko 12. Namiji tsakanin 9 zuwa 14 yake farawa, nasa tashin sai wajen 13 ko 14. Kin ga ita tana tsakiyar nata, shi ko bai shiga ba.

Abin da zai ba ki mamaki, sinadarin mata, istirojin, shi ke zuga sinadarin girma a jikinsu duka biyun. Jikin namiji yana juya wani ɓangare na sinadarin maza ya koma istirojin. Kuma shi dai istirojin ɗin ne daga baya yake sa guringuntsin bakin ƙashi ya daskare, tsawo ya tsaya cak, ko an yi allura ba ƙari. Shekara biyun da namiji yake jinkiri yana nan yana ƙara tsawo a hankali, ita ce babban dalilin da ya sa maza suka fi mata da kusan santimita 13. Sinadarin maza kuma in ya haɗu da na girma sai kafaɗa ta buɗe, nama ya cika.

Ni wallahi 'ya mace ce na fi jin tsoron a yi sakaci da ita. Mun saba damuwa in namiji gajere ne, mace kuwa sai a ce ai haka Allah ya yi ta. Alhali nata lokacin ya fi kusa ƙarewa. Da ta fara al'ada, abin da ya rage mata bai cika wuce santimita 5 zuwa 7 ba.

Ki samu gawayi ki yi musu alama a jikin bango, ba takalmi, ki sake bayan wata shida. In namijin ya kai shekara 14 ba alamar balaga ko ɗaya, ko alamar bangon ta ƙi motsi, ki kawo shi Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina. Za a duba sikila da ƙarancin abinci, a ɗauki hoton ƙashin hannunsa na hagu a ga shekarun ƙashin. Allurar sai likita ya tabbatar sinadarin ne ya yi ƙaranci, don tana iya tayar da sukarin jini.

Ki gaida Baban tagwaye.