Hannuwana suna tsagewa tun da na kama aikin taya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina yanka tsofaffin tayoyi a kasuwar Katako, nan Yamai, ina yin takalma da guga. Hannuwana suna ƙaiƙayi, su fito da ƙuraje masu ruwa, daga baya su tsattsage. In na je ƙauye hutun Salla sai su warke, da na dawo rumfa abin ya dawo. Wasu sun ce kazuwa ce, wasu sun ce hannu aka sa mini. Mene ne gaskiya?
Daga mai yankan taya, Katako.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ciwon da ke lafawa in ka bar rumfa, ya taso in ka dawo, a rumfar za a nemi sanadinsa, ba wajen maƙiya ba. Kazuwa kuwa da tuni ta kama mutanen gidanka.

Masu ƙera taya suna zuba wa roba wasu sinadarai don kada iska da zafi su busar da ita ta fashe. Fitattu su ne 6PPD da IPPD. An yi su ne don su riƙa tsattsafowa daga cikin robar zuwa bayanta a hankali. Ka san jan-jan ɗin nan mai kama da tsatsa da ke fitowa a gefen tsohuwar taya, wanda ke manne maka a tafin hannu? Aikinsu ne. Jikin wasu mutane, bayan doguwar mu'amala, sai ya daina jituwa da su. Kuma ƙurajen ba nan take suke fitowa ba, sai bayan kwana 1 zuwa 3, shi ya sa ba a zargin taya. Gumin Yamai da ƴan yanke-yanken wuƙa suna ƙara buɗe musu hanya.

Ba zan ɓoye maka ba, in jiki ya riga ya ƙi sinadarin nan, da wuya ya sake karɓarsa. Dabara ita ce raba fata da roba. Sa safar hannu ta auduga a ciki, ta fata a waje, amma ban da baƙar safar roba, don ita ma tana iya ɗauke da shi. Don Allah a daina wanke hannu da fetur. Sabulu da ruwa, sannan man kaɗanya. Man shafawar masu tallar magani a faranti ma bar shi, yana kwantar da ƙaiƙayi ya sirantar da fata.

Je ka ga likitan fata a Babban Asibitin Ƙasa, ka faɗa masa sana'arka tun kafin ya tambaya. Ka kuma yi hattara da baƙin rinin gemu da baƙin lalle: PPD da ke cikinsu dangin sinadarin taya ne, yana iya kumbura maka fuska.