Filin Tambaya da Amsa: But ɗin da ya dawo yayi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Samarin unguwarmu sun koma saka but ɗin nan mai ruwan ɗorawa da wandon jins. Ina so in sayi na gwanjo a Kantamanto. Me zan duba kada a cuce ni? Bashiru, Nima, Accra.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Wanda kake nufi na Timberland ne. A 1973 aka fara yin sa a New Hampshire ta Amurka, don masu aiki cikin ruwa da ƙanƙara, sai mawaƙan hip-hop na New York suka fito da shi titi a shekarun 1990.

Kada kyan fata ya ruɗe ka, ƙasan takalmin za ka fara dubawa. But da yawa suna da wani soso mai tauri tsakanin fata da robar da ke taka ƙasa. Idan na foliyuritan ne, wato wani nau'in roba, laimar iska tana cin sa a hankali, kuma wanda aka daɗe da ajiyewa ba a sakawa ya fi saurin mutuwa. Shi ya sa za ka ga takalmi fes kamar sabo, mako ɗaya a damshin Accra ya fara zubar da gari. Danna wurin da farcen babban yatsa, sannan ka lanƙwasa takalmin. In ya yi danƙo, ko ya tsage, ko ya marmashe, ajiye masa kayansa komai arharsa. Gam ba ya riƙe abin da ya ruɓe, sai dai shumeka ya canza ƙasan gaba ɗaya, kuɗin kuma ya tashi biyu.

Na ainihi ɗinkin gefensa layi huɗu ne a jere, ba karkacewa, kuma yana da nauyi a hannu. Sa yatsa ciki ka shafa wajen dunduniya, can ne yake fara cinyewa. Ka gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa mai kauri, ka bar kamar santimita 1 a gaban yatsu. Shawarata, in kana yawan shiga masallaci, ka bar ramukan igiya biyu na sama a sake.

Tambaya: Na shafa wa nawa man takalmi ya yi baƙi-baƙi. Akwai gyara? Rabi, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Ƙanwata, da wuya ya koma yadda yake. Wannan fata gurzajjiya ce mai laushin gashi, tana shanye mai ne. Burushi mai ɗan tauri zai tayar da gashin, amma duhun zai zauna.

Nan gaba, ƙurar hunturu a kaɗe ta a bushe, ƙaramin tabo kuma a goge da kilinar fensir. In ruwan damina ya jiƙa shi, cire shimfiɗar ciki, cusa tsohuwar jarida, ki ajiye a inuwa kwana ɗaya zuwa biyu. Rana ko bakin kurfoti suna ƙandarar da fata, su kuma saki gam. In fumfuna ta kama, haɗa ruwa da farin binega daidai wa daida, ki goge da tsumma mai ɗan lema. Bayan ya bushe sai ki fesa maganin hana shan ruwa daga nisan santimita 20, sau biyu, ki bar na farko ya bushe tukun.