Tambaya da Amsa: In biya a buga mini maƙala don in kamo manyan masu binciken ƙwaƙwalwa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama. Ni 'yar Garwa ce, ina shekarar ƙarshe ta digiri na biyu a Ngaundare, kuma burina in yi dokta a kimiyyar ƙwaƙwalwa da fahimta. Kwanaki na buɗe shafin Google Scholar, mai ƙirga sau nawa aka ambaci maƙalar kowane mai bincike, na nemi ayyukan Brenda Milner, na ga ambato dubbai kan dubbai, sai gwiwata ta yi sanyi, don ni ko maƙala ɗaya ba ni da ita. Abokan karatuna biyu sun biya sefa dubu 60 kowannensu, wata mujalla ta buga musu cikin kwana goma. Suna ce mini in ban yi haka ba babu mai kallon takarduna. Har na fara tara kuɗin. In biya?

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki biya. Kuɗin nan ki ajiye su, zan gaya miki inda za su fi amfani.

Tunda Milner ce ta sanyaya miki gwiwa, mu duba yadda ta tara abin da kika gani. An haife ta a Manchester ta Ingila a 1918, ta koma Kanada a 1944, ta gama dokta a jami'ar McGill a 1952 a hannun Donald Hebb. Ki lissafa, shekararta 34 a lokacin. A 1953 wani likitan tiyata a Hartford ta Amurka, William Scoville, ya cire wa wani saurayi ɗan shekara 27 sashen cikin ƙwaƙwalwa ta gefe biyu, har da mafi yawan wani ɓangare da ake kira hifokamfas, don ya rage masa farfaɗiya. Farfaɗiyar ta lafa, hankalinsa yana nan daram, amma sabon abu ya daina zama masa. Shi ne Henry Molaison, wanda kuka karanta a aji da sunan H.M. Milner ta riƙa hawa jirgin ƙasa na dare daga Montreal ta je ta gwada shi, kamar yadda kuke kwana a jirgin Ngaundare zuwa Yawunde, kuma duk zuwa sai ta sake gaya masa ko ita wace ce.

Kayan aikinta fa? Fensir, takarda, madubi. Ta ba shi zanen tauraro mai layi biyu, ta ce ya bi tsakanin layukan da fensir yana kallon hannunsa ta cikin madubi kaɗai. Kwana uku yana yi, kullum kuskurensa yana raguwa, kullum kuma yana cewa bai taɓa ganin wannan aiki ba. Hannu ya koya, mai hannun bai sani ba. Da maƙalarta da Scoville ta 1957 da wannan gwajin madubi aka gane cewa ajiyar sabon abu tana da mazauni a ƙwaƙwalwa, saɓanin ra'ayin masanin ƙwaƙwalwa Karl Lashley da ya yi rinjaye a lokacin cewa a warwatse take, kuma tuna abin da ya faru daban, ƙwarewar hannu daban. Kyautar Kavli, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan fannin, ba ta zo mata ba sai 2014. A shekarar ce kuma John O'Keefe ya samu Nobel kan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke gaya wa ɓera inda yake tsaye, aikin da ya fara bayyana a wata 'yar gajerar maƙala a 1971. Shekara 43 ke nan. Lambar da kika gani a shafin nan tarin sama da shekara sittin ce, ke kuma kina auna ta da watanninki.

Yanzu ga abin da ya ishe ni, don kusan kullum sai na ci karo da shi: wai yawan maƙala shi ne girman malami. Daga wannan tunani ne ƙarya ke shigowa fanninmu, kuma a fanninmu ƙarya tana kai mutum kabari.

Bara wani matashin malami ya kawo mini takardunsa in duba kafin ya miƙa wa kwamitin ƙarin girma. Maƙala 19 cikin shekara biyu. Na zaro ɗaya. Ta ce an ɗauki awon igiyar ƙwaƙwalwa na masu farfaɗiya bayan an ba su jiƙon wani saiwa, aka ga sauƙi. Na tambaye shi wace na'ura ya yi amfani da ita, wa ya karanta masa layukan. Ya sunkuyar da kai yana juya makullin babur a hannu, can ya ce, “Malama, ai kowa haka yake yi.” Babu na'ura. Babu ƙungiyar kwatanci da ba a ba jiƙon ba. Mujallar ta karɓa ranar Litinin, ta buga ranar Juma'a. Shi a ganinsa takarda ce kawai ta cika fayil. To amma takarda tana da ƙafa. Mai tallar magani da lasifika a bakin kasuwa zai samu irinta, ya ɗauki hoton shafin farko, ya watsa a WhatsApp da cewa “masana sun tabbatar”. Uwa ta gani, ta janye wa ɗanta fenobabital, maganin farfaɗiyar da ya riƙe shi shekara uku, alhali yanke wannan magani farat ɗaya yana iya tayar da farfaɗiya mai jerawa ba hutu, wadda take kisa. Ran da yaron ya faɗi kusa da murhu ko a bakin Binuwai, babu wanda zai je ya tuhumi mujallar.

Kuma kada ki ɗauka zargi nake yi. A 2013 wani ɗan jarida masanin kimiyya, John Bohannon, ya haɗa maƙalar bogi kan maganin ciwon daji, ya cika ta da kurakuran da ɗan aji ɗaya zai gano, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Abin da ya fi ci mini rai, sunayen marubuta da cibiyoyin da ya ƙirƙiro ya yi su ne da kamannin na Afirka. Waɗannan mujallu mu suke farauta, sun san kwamitocinmu ƙirga maƙala suke yi kamar buhunan auduga a ma'auni, babu mai kwance bakin buhu ya ga ko akwai tsakuwa a ciki. Lambar h, ma'aunin yawan maƙala da yawan ambato da Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005, ita ma an mai da ita adashi: ka ambace ni, in ambace ka, kowa ya ɗauki kwasarsa. Google Scholar ba ya tantancewa, duk abin da ya tarar yake lissafawa. Su kuwa malaman da za ki nemi su karɓe ki dokta a Faransa ko Afirka ta Kudu, sun san sunayen mujallun nan sarai. Takardar da babu maƙala ko ɗaya ta fi musu wadda ke ɗauke da biyu na saye, domin ta farko ɗaliba ce da za a koyar, ta biyun sai an fara tunanin ko alƙalumanta na gaskiya ne.

Biyan kuɗi shi kaɗai ba shi ne laifin ba. Akwai mujallun kirki da ke karɓar kuɗin bugu, da yawansu kuma suna yafe wa masu bincike daga ƙasashe irin namu in an nema. Alamar ita ce tacewa: mujallar gaske takan ɗauki watanni, ta dawo miki da shafuka na suka daga masu bita har ki ji kamar ki yi kuka. Kwana goma ko karanta maƙalar da kyau ba su isa ba. Ki nemi sunan mujalla a DOAJ, jerin mujallun da aka tantance waɗanda ake karantawa kyauta a intanet, ki ga kuma ko manyan fannin suna bugawa a cikinta.

Kuɗin da kika tara, ki buga takardun gwaji, ki biya kuɗin babur zuwa unguwanni. Kina zaune a kan abin da babu shi a Montreal. Yaro a Garwa yana tashi da Fillanci da Hausa, da asuba ya karanta allo daga dama zuwa hagu, da hantsi ya karanta Faransanci daga hagu zuwa dama. Muna cikin yankin sanƙarau, ga zazzaɓin cizon sauro da ke hawa ka, ga yaran da suka tashi daga jinyar suka koma aji ba tare da an auna abin da ya ragu a jinsu ko riƙonsu ba. Pierre Pica da Stanislas Dehaene da abokan aikinsu sun shiga mujallar Science a 2004 da gwajin ƙirga ɗigo-ɗigo a kan kwamfuta a wurin mutanen Munduruku na dajin Amazon, ba tare da na'urar hoton ƙwaƙwalwa ba. Ki zaɓi tambaya ɗaya ƙarama, ki samu izinin kwamitin ɗa'a da yardar iyaye, ki rubuta yadda za ki yi lissafinki tun kafin ki ga sakamako. Ki sa ido kan sanarwar IBRO, ƙungiyar masu binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, suna shirya makarantun horo a Afirka kuma sukan ɗauki nauyin ɗalibai.

Abokan nan naki biyu kuma, ki gaya musu su cire maƙalun nan daga takardunsu kafin su aika ko'ina.