Tsohuwar bindigar farauta daga ƙetare: takarda kafin kuɗi

Ɗan'uwa, ka ce ka ga tsohuwar bindigar farauta ƙirar Mauser 98 ana gwanjonta a Jamus, kana son ka shigo da ita ka gyara.

Kada ka biya ko sisi sai lasisin mallaka da izinin shigowa na ƙasarka sun zo hannu. Shi ma mai sayarwa sai ya sami izinin fitarwa. Bi ta hannun dillali mai rajista, domin in kwastan suka riƙe ta babu takarda, ba asarar kuɗi kaɗai ba ce, har kotu za a kai.

Nemi hoton cikin bututun, a haska shi da fitila. Harsasan da can suna barin gishiri mai jawo tsatsa, sai ka ga waje fes, ciki kuwa duk ramuka. Duba ko lambar jikin sakatar, wato ƙarfen da ake ja a ɗana harsashi, ta yi daidai da ta gangar jikin bindigar. In sun bambanta, an taɓa yi mata sauyi.

In ta iso, kada ka harba sai ƙwararren maƙerin bindiga ya duba ta ya auna. Wajen gyara kuwa, mai da tsumma sun isa. Masu kankare katakon su shafa masa sabon fenti su ke kashe darajarta.