Firij mai tsada ya daina sanyi: a gyara ko a sayi sabo?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina zaune a Agege, Legas. Shekara huɗu da suka wuce maigidana ya sayo mana babban firij mai ƙofa biyu, irin na inbata, tare da injin wanki mai ƙofa ta gaba. Makon jiya aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, tun daga nan firijin ya daina sanyi, ko da yake fitilar cikinsa tana kamawa. Mai gyaran da ke bakin layinmu ya ce kwamfireso, wato injin da ke tura gas ɗin sanyi, shi ne ya mutu, zai sa mana irin na gama-gari ya cika gas. Injin wankin ma yana wata irin ƙara idan yana matse kaya. Maigida ya ce mu haƙura da su mu sayi sababbi. Mece ce shawararka? Daga wata baiwar Allah, Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Shawarata a taƙaice ita ce kada ku sayi sabo yanzu, kuma kada ku bari a cire wannan kwamfireso, domin har zuwa wannan lokaci babu wanda ya tabbatar muku da abin da ya lalace. Abin da kuka samu hasashe ne, kuma a irin wannan firij hasashe yana da tsada.

Bari in fara da bambancin da mai gyaran bai yi muku bayaninsa ba. Tsohon firij da muka saba da shi yana karɓar wuta kai tsaye, kwamfireso ya tashi, idan sanyi ya kai ya tsaya. Na inbata ba haka yake ba, domin tsakanin wutar gida da kwamfireso akwai allon lantarki, wanda masu gyara ke kira fanel, shi ne yake sarrafa wutar, yana ƙara wa kwamfireso gudu ko ya rage masa gwargwadon buƙata. Idan wuta ta dawo da ƙarfi, wannan fanel ne yake fara shan dukan, kuma da zarar ya ƙone, kwamfireso zai yi shiru ko da lafiyarsa ƙalau, fitilar ciki kuwa ta ci gaba da kamawa, daidai yadda kika bayyana. A aikina, duk lokacin da aka ce mini firij na inbata ya tsaya bayan dawowar wuta, fanel nake fara tuhuma, kuma sau da yawa abin da ake samu fis ne ko kafasita ko wasu ƙananan sassa da ake iya sauyawa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an taɓa bututun gas ba.

Gwajin ba shi da wahala ga wanda ya san aikin. Kwamfireson inbata yana da ƙafafu uku, kuma idan aka auna tsakanin kowane biyu da mita, ya kamata adadin ya fito daidai da juna, sannan a duba ko wuta tana zurarewa zuwa jikin ƙarfen. Fanel da yawa kuma suna da 'yar fitila mai ƙiftawa, yawan ƙiftawar yana nuna inda matsalar take. Abin da ba a yi shi ne jona irin wannan kwamfireso da wutar bango kai tsaye don a ga ko zai tashi, domin ba zai tashi ba, kuma yana iya ƙonewa a wajen gwajin. Ki tambayi mai gyaranku yadda ya gane ya mutu. Idan amsarsa ita ce ya taɓa ya ji ba ya motsi, to bai gwada komai ba.

Batun sa kwamfireso na gama-gari shi ne ya fi damuna. Ana yi a Legas, kuma firijin yakan yi sanyi na ɗan lokaci, amma an raba shi da abin da ya sa kuka biya kuɗi mai yawa, wato ƙarancin cin wuta da daidaiton sanyi tsakanin ɓangaren ƙanƙara da na abinci. Tun watan Afrilun 2024, lokacin da aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta a kullum, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, cin wutar firij ya daina zama ƙaramin abu, musamman da yake shi ne na'urar da ba a kashewa dare da rana. Garin neman gira kada a rasa ido.

Haka nan maganar cika gas. Gas ɗin firij ba man janareto ba ne da yake ƙarewa da amfani. A rufe yake, yana zagayawa cikin bututu shekara da shekaru, saboda haka idan ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma cikawa ba tare da toshe wurin ba asarar kuɗi ce kawai. Dawowar wuta da ƙarfi kuwa ba ta huda bututu. Ki duba takardar da ke manne a bayan firijin ko a cikinsa, za ki ga nau'in gas ɗin da nauyinsa. Yawancin sababbin firij na gida suna amfani da R600a, wanda yake kama wuta, kuma ɗan kaɗan ake sawa, da sikeli ake auna shi giram-giram bayan an zuƙe iskar cikin bututun da injin zuƙa. Wanda ya ɗura masa R134a don shi ne a hannunsa ya jawo wata matsalar, domin kowane kwamfireso da gas ɗin da aka ƙera shi dominsa, har man da ke cikinsu ma ba iri ɗaya ba ne.

Kafin komai, ki nemo rasit da katin garanti. Kamfanoni irin su LG da Samsung sukan ba da garantin shekara 10 a kan kwamfireson inbata, ko da garantin sauran jikin firijin ya ƙare, kuma naku shekararsa huɗu kacal. Galibi kayan kawai garantin yake ɗauka, ku biya kuɗin aiki da na gas, kuma yakan faɗi idan wani wanda kamfani bai amince da shi ba ya riga ya yanke bututu. Ga dalili na biyu ke nan da ya sa nake cewa kada a taɓa shi tukuna. Lalacewar da ƙarfin wuta ya jawo ba lalle garanti ya ɗauke ta ba, amma cibiyar gyara ta kamfanin za ta iya ba ku sakamakon bincike a rubuce, wanda da shi za ku yi lissafi.

Lissafin kuma da farashin yau ake yin sa, ba da abin da Alhaji ya biya shekara huɗu da suka wuce ba. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 kuwa ta haura 1,500, kuma waɗannan kaya ko sassansu daga waje suke zuwa. Ya leƙa kasuwar Alaba da ke Ojo ya tambayi kuɗin irin firijinku, ina kyautata zaton zai sake tunani. Ma'aunin da nake bi shi ne, idan kuɗin gyara bai kai rabin kuɗin sabo ba, na'urar ba ta kai shekara goma ba, kuma jikinta bai ruɓe ba, gyara ya fi. Abin da mutane suka fi yi, wato sayar da babban firij a matsayin kwandem su sayi ƙarami mai araha da kuɗin da ya isa gyaran, shi ne mafi muni a ganina, domin wanda ya saya a hannunsu fanel kawai zai sauya ya sayar da riba.

Akwai inda ni ma nake cewa a haƙura. Idan yoyon gas yana cikin bututun da aka binne a kumfar jikin firij, gyaransa ba ya cika ɗorewa. Haka idan tsatsa ta cinye ƙasan jikin, abin da muka fi gani a gidajen Lekki da Ajah saboda iskar teku mai gishiri. Sai kuma tokumbo da aka ƙera don Amurka, inda wuta take bolt 120, alhali tamu 230 ce, wanda samun fanel ɗinsa a nan yake da wuya. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya yi kama da abin da kika faɗa.

Injin wanki kuwa, ƙara lokacin matse kaya alamar boris ce da ta ci, galibi saboda robar da ke tare ruwa ta saki. Ki daina amfani da shi yanzu, domin ci gaba da wanki zai cinye sandar da ke juya gangar, gyara mai sauƙi ya koma mai tsada. Tambaya ɗaya za ki yi wa mai gyara: gangar da ke ta waje, mai riƙe ruwa, da kusoshi aka ɗaure ta ko narkar da roba aka yi aka haɗe? Idan mai kusoshi ce, boris da roba kawai za a sauya. Idan haɗaɗɗiya ce, sai an sayi gangar gaba ɗaya, a nan ne za ku dawo kan ma'aunin rabin kuɗi.

Duk wanda zai yi aikin, ya faɗi kuɗin bincike daban da na gyara, ya dawo muku da tsohon abin da ya cire, ya kuma rubuta muku wa'adin da zai tsaya wa aikinsa. Idan fanel na hannu aka samo a Alaba, a daidaita lambar da ke jikinsa da ta tsohon harafi da harafi, domin kamanni ba ya wadatarwa. Sannan kafin a mayar da firijin kan wuta, a sa masa na'urar kariya mai yanke wuta idan ta yi yawa ko ta yi ƙasa, mai jinkirin minti uku zuwa biyar kafin ta sake haɗawa, a kuma sa mai aikin wuta ya duba wayar ƙasa ta gidan da yadda ake sauyawa zuwa janareto, in ba haka ba sabon fanel ɗin zai bi hanyar tsohon.