Sammacin Kamu a Wata Gundumar Karkara ta Jihar Jojiya: Yadda Za Ka Bincika da Yadda Za Ka Warware Shi

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Girinsboro ta jihar Karolina ta Arewa a Amurka ya rubuto cewa shekara biyu da suka wuce ɗan sanda ya tsayar da shi a kan babbar hanyar I-95, cikin wata gundumar karkara ta jihar Jojiya, ya rubuta masa tikitin gudun mil 88 a inda aka ƙayyade 70. Ya sauya gida, takardar ta ɓace, ranar kotu ta wuce bai je ba. Da ya je sabunta lasisin tuƙi sai aka ce masa Jojiya ta riƙe shi. Yana da katin zama na dindindin, yana shirin neman zama ɗan ƙasa, kuma yana son zuwa Maraɗi ya gano mahaifiyarsa. Tambayarsa ita ce ko akwai sammacin kama shi, kuma me ya kamata ya yi.

Malam, Allah Ya sa mu ji alheri. Abin da kake tsoro shi ne sammacin da alƙali ke bayarwa daga kan kujerarsa idan wanda aka kira bai bayyana ba, ko bai biya tarar da aka yanke masa ba. Lauyoyi a nan da Nijeriya duka suna kiransa benci waranti. A Jojiya laifin tuƙi ƙaramin laifi ne na shari'a wanda hukuncinsa kan iya kaiwa ɗaurin wata 12 da tarar dala 1,000, don haka alƙali yana da ikon bayar da wannan sammaci a kan tikitin gudu kawai. Ba kowane alƙali ke yin haka ba. Wani yakan tsaya ga sanar da hukumar lasisi, ita kuma ta sanar da jiharka a ƙarƙashin yarjejeniyar 1977 da yawancin jihohi suka shiga, wadda ta sa jihar mutum take dakatar da lasisinsa idan ya yi watsi da tikitin wata jiha. Riƙe lasisinka ya tabbatar da cewa shari'ar tana buɗe, amma bai tabbatar da sammaci ba. Idan kuwa akwai shi, tsufa ba ya kashe shi. Yana nan har ranar da aka kama ka ko alƙali ya janye shi.

Mataki na farko shi ne gano kotun da kanta, domin Jojiya tana da gundumomi 159, kuma a karkara shari'ar tuƙi kan faɗa ne a kotun gari idan ɗan sandan gari ne ya tsayar da kai, ko a wata kotun gunduma idan ma'aikacin sherif (wato shugaban jami'an tsaro na gunduma) ne ko ɗan sandan jiha. Nemi tarihin tuƙinka daga hukumar lasisi ta Karolina ta Arewa, inda galibi za ka sami sunan kotun da lambar tikitin. Kada ka dogara da intanet. Ƙananan gundumomi da yawa ba sa saka sunayen waɗanda ake nema a shafinsu, saboda haka rashin ganin sunanka ba wankewa ba ne, shafukan da ke karɓar kuɗi su bincika maka kuwa sau da yawa tsohon bayani suke sayarwa.

Da ka sami kotun, a kira ofishin magatakarda a tambayi abu huɗu: matsayin shari'ar, ko an bayar da sammaci, nawa aka sa kuɗin beli, da ranar da kotu za ta sake zama. Tambaya ta ƙarshe tana da nauyi, domin a irin waɗannan wurare alƙali kan saurari shari'ar tuƙi sau ɗaya ko biyu ne kacal a wata. Na fi son lauya ya yi wannan kiran a madadinka. Idan kai za ka yi, ka ba da suna da ranar haihuwa da lambar tikiti, ka yi shiru a kan yadda abin ya faru.

Abin da nake roƙonka kada ka yi shi ne zuwa ofishin sherif da ƙafarka don tambaya. Na taɓa wakiltar wani direba da ya yi haka da kyakkyawar niyya, ranar Juma'a bayan la'asar. Ma'aikaciyar ta karɓi lasisinsa ta taga, ta buga sunansa, ta ce ya ɗan jira. Ƙofar gefe ce ta buɗe. An karɓe masa waya da bel da igiyar takalmi, kuma bai ga alƙali ba sai ranar Litinin, a kan tarar da ba ta kai albashinsa na kwana biyu ba. Ma'aikacin da ya ga sammaci a kwamfuta ba shi da ikon yafe shi.

Hanya mafi tsafta ita ce lauyan da ke aiki a wannan gunduma ya shigar da takardar roƙon janye sammacin, ya bayyana dalilin rashin zuwanka, ya haɗa da shaidar sauya gida kamar yarjejeniyar haya, ya nemi sabuwar rana. A ƙaramin laifi irin naka alƙalai da yawa kan yarda lauya ya tsaya ba tare da kai ba. Lauyan wurin ya fi babban lauyan Atalanta amfani a nan, domin shi ya san halin alƙalin da ranar da mai gabatar da ƙara ke zuwa. Idan alƙali ya nace sai ka bayyana, a tsara miƙa kai da sassafe a tsakiyar mako, kuɗin beli a hannu. Belin da ka biya kotu kai tsaye yakan dawo bayan an cire abin da ake binka, amma kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari da kamfanin beli ke karɓa don ya tsaya maka ba ya dawowa. Kuma wani ne zai tuƙa ka, domin tuƙi da lasisin da aka dakatar a Jojiya sabon laifi ne mai ɗaurin aƙalla kwana biyu da tarar aƙalla dala 500.

Wataƙila magatakarda ta ce ka biya ta waya a rufe maganar. Ka sani cewa biyan tikiti amsa laifi ne a idon doka. Ga gudu kaɗai wannan ba ya taɓa katin zamanka, amma kafin ka biya ka tabbatar babu wani laifi da aka haɗa, kamar tuƙin ganganci ko rashin inshora, kuma ka nuna wa lauyan shige da fice takardar. Tun hukuncin Padilla na 2010 Kotun Ƙolin Amurka ta wajabta wa lauyan da ke kare baƙo ya gaya masa abin da amsa laifi zai jawo wa zamansa, don haka ka faɗa wa lauyanka matsayinka tun ranar farko. Wannan ne ma ya sa nake so a janye sammacin ba tare da ka shiga gidan yari ba: duk wanda aka rubuta a can ana ɗaukar zanen yatsunsa a aika wa hukumomin tarayya, kuma tun 2024 dokar Jojiya ta ɗora wa masu gidajen yari binciken matsayin zaman baƙi.

Idan kuɗi ne matsalar, ka faɗa wa alƙali a fili. Hukuncin Bearden na 1983, wanda daga Jojiya ma shari'ar ta taso, ya hana ɗaure mutum don ya kasa biyan tara ba tare da an binciki ƙarfinsa ba, kuma kana iya neman biya kaɗan-kaɗan. Ka kuma sa ran wata takarda dabam daga hukumar lasisi ta Jojiya: wanda aka samu da gudun mil 85 ko fiye yana biyan ƙarin dala 200, kuma rashin biyanta yana sake jawo dakatarwa. Duk wanda ya kira ka yana cewa shi sherif ne, ka biya da katin kyauta ko a kama ka yau, ɗan damfara ne.

Game da tafiya Maraɗi, shawarata ita ce kada ka yanki tikitin jirgi tukuna. Jami'an filin jirgi suna duba rumbun bayanan FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya, a kan duk mai shigowa, kuma ko da gundumar ba za ta aiko mota har wata jiha don tikitin gudu ba, ana iya tsare ka sa'o'i kafin ta amsa. Ka jira sai ka riƙe takardu biyu masu hatimin kotu, umarnin janye sammaci da takardar kammala shari'a. Ka kai kwafi ga hukumar lasisi, ka sa ɗaya a jakar fasfo, ka ajiye ɗaya don fom ɗin N-400 na neman zama ɗan ƙasa, domin yana tambaya ko an taɓa rubuta maka tikiti, kuma amsarka a can dole ta zama eh.